Bargery: Baturen da Ya Shekara Goma Sha Uku Yana Tara Kalmomin Hausa

Ingilishi ba baƙo ba ne a Birnin Ƙonni, ko da yake da Faransanci ake karatu a lakwal. Iyaka tana bakin gari, Illela ta Najeriya tana tsallake (ban da takwararta Illela ta Adar, wadda ke arewa wajen Tawa), Sakkwato kuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Shi ya sa ɗaliban Ƙonni da Malbaza da Illela, in sun samu bakaloriya ko lasisi, wasunsu kan nufi jami'o'in Najeriya ko Gana, wasu kuma su yi harin Amurka ko Ingila. Masu wannan hari na biyu sai sun tsallake siraɗin TOEFL ko IELTS, mai neman babban digiri a Amurka kuma sau da yawa a ƙara masa da GRE, jarrabawar da ta yi suna wajen tono kalmomin da ko ɗan gida bai cika faɗarsu a kasuwa ba. Dabarar da akasari ake bi ɗaya ce: a ja layi a tsakiyar takarda, kalma a hagu, fassararta a dama, a yi ta hadda har asuba.

Shekaru ɗari da suka wuce lamarin a juye yake. Turawan mulki ne ke zaune gaban fitila suna haddar kalmomin Hausa, domin tun zamanin Lugga aka ɗora wa jami'an Arewacin Najeriya jarrabawar harshen, ƙarama da babba, kuma wanda bai ci ba ƙarin girma kan yi masa nisa. Don irin waɗannan mutane gwamnati ta sa aka rubuta littafin da har yau ba a yi wanda ya fi shi faɗi ba a fagen ƙamusun Hausa zuwa Ingilishi. Marubucinsa shi ne Rabaran George Percy Bargery.

An haife shi ran 1 ga Oktoba 1876 a birnin Exeter, kudu maso yammacin Ingila. A can ya yi makaranta, sannan ya wuce kwalejin horar da ƴan mishan ta ƙungiyar CMS da ke unguwar Islington a Landan, aka naɗa shi limamin coci. A 1900 ya iso Najeriya. Lokaci ne na ruɗani a ƙasar Hausa. Shekara guda kafin nan rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe mutanenta. A farkon 1900 Lugga ya yi shelar kafa mulkin Ingila a Arewa daga Lakwaja, alhali Kano da Sakkwato suna hannun sarakunansu, ba su faɗi ba sai 1903. A wannan shekara ta 1900 ne tawagar CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, da Dokta Walter Miller a cikinta, ta kutsa har Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin ƴan kwanaki, suka ja da baya suka yada zango a Girku, ƙasar Zazzau. Cikin wannan ƙaramar mishan Bargery ya fara aiki, ya yi shekara goma.

Ta fuskar abin da suka zo yi, wato juyar da Hausawa ga addininsu, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ta fuskar harshe kuwa, shekarun nan goma su ne jarinsa. Littattafan da ya tarar kaɗan ne. Akwai ƙamusun Schön na 1876, wanda kaso mai tsoka na kalmominsa ya fito daga bakin Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Akwai na Robinson da aka buga a Kambirij a 1899 da 1900. Schön bai raba ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k ba, kuma cikin su biyun ba wanda ya nuna karin sauti. Wanda ya dogara da su zai iya karanta Hausa, amma in ya buɗe baki sai yara su yi dariya. Saboda haka Bargery ya koyi harshen daga bakin masu shi, a zaure da kasuwa da kan hanya.

A 1910 ciwo ya kayar da shi, aka mai da shi gida. Bayan shekara biyu ya dawo, wannan karo ma'aikacin sashen ilimi na gwamnati, sashen da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ke jagoranta daga Nassarawa ta Kano. Aka tura shi ƙasar Tibi, kudu da Binuwai, inda ya kafa makarantar gwamnati ta farko a tsakaninsu. Da a nan rayuwarsa ta tsaya, da sunansa bai wuce layi ɗaya a tarihin ilimin boko ba.

A 1921 Gwamna Hugh Clifford ya ɗauke masa sauran ayyuka ya ɗora masa ɗaya tak: ya rubuta ƙamus. Yana da shekara 45 a duniya. A shekarar nan kuma, can Amurka, Edward Thorndike ya fitar da jerin kalmomin Ingilishi 10,000 waɗanda ya tsara bisa yawan fitowarsu a rubuce, jerin da ya zama kakan duk jerin kalmomin da ɗalibai ke hadda a yau. Kwatanta mutanen biyu yana nuna girman abin da ke gaban Bargery. Thorndike ya tarar da rumbu cike, nasa ƙirga ne. Bargery kuwa ya tarar da Hausar boko ba ta da wani abin ƙirgawa, in ban da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da ƴan littattafan makaranta da na mishan. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ba su fito ba sai shekarar da ƙamusun ya fito, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa sai 1939. Akwai waƙoƙin ajami, amma kalmomin maƙeri da majemi da marini da mahauci ba a cikinsu suke ba. Sai an je an zauna an tambaya.

Ya kafa sansani a Kano, ya tara malamai. Wanda tarihi ya fi riƙe sunansa a cikinsu shi ne Malam Mahmudu Ƙoƙi, Bakano mai zurfin ilimin Arabiyya, wanda ya daɗe yana aiki da shi, har suka yi rangadin ƙasashen Hausa tare suna farautar kalmomi. Duk wanda ya taɓa zama da mai ba da bayani ya san wahalar abin. Kalma guda tana iya cin yini: a ji ta, a sake jin ta daga bakin wani, a nemi jam'inta da jinsinta, a sa ta cikin jimla, a tambaya ko ana faɗarta a Katsina kamar yadda ake faɗarta a Kano, sannan a rubuta. A 1930 Bargery ya bar aikin gwamnatin Najeriya, ya ƙarasa tacewa da gyaran ɗab'i. Matarsa ta fari ta rasu a 1932, ba ta ga littafin ba.

Ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Okusfod, shafi 1,226 ban da gabatarwa, da kalmomin shiga kimanin 39,000, da bayani kan Hausawa da harshensu daga alƙalamin Bajamushen nan Diedrich Westermann. A ƙarshensa akwai ɓangaren Ingilishi zuwa Hausa, wanda bai kai shafi ɗari ba, kuma a gaskiya manuni ne mai mai da mutum cikin babban ɓangaren. Wanda ya ɗauki littafin da niyyar koyon Ingilishi zai ga ba don shi aka yi ba. Amma akwai abin da ɗalibin GRE zai tsinta a ciki, in ya duba yadda aka gina shi.

A buɗe kalmar ƙato. Bayan ma'ana da misalai, Bargery ya jero kalmomi sama da 300 masu nuna girma. Duk Bahaushe ya san irinsu: makeke, shirgege, ribɗeɗe, zungurere, fankameme, narkeke, gabjeje, santalele. Da a ce an ja layi an rubuta babba a gaban kowace, da ba a yi ƙarya ba, amma da ba a koyar da kome ba. Fili ne ke zama makeke, sanda ko mota zungureriya, budurwa santaleliya, bijimi narkeke, kuma wanda ya ce ya ga zungureren fili mai faɗi ko makekiyar allura ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne. Ma'anar kowace tana cikin abin da take rakiya da kuma abin da ya raba ta da ƴar'uwarta. Bargery ya gane haka, shi ya sa ya riƙa tara kalmomi dangi dangi: a ƙarƙashin goro ya jero ire-iren goro, ya kuma cusa karin magana da kirari a duk inda kalma ke da su. Roget ya yi wa Ingilishi irin wannan tarin tun 1852 cikin littafi na musamman. Bargery ya saƙa nasa a cikin jikin ƙamus, abin da ya sa littafin ya yi nauyin ɗauka, ya kuma yi daɗin karatu.

Haka Ingilishin jarrabawa yake. Huge da immense da colossal da gargantuan duk girma suke nufi, amma mai tsara tambaya ba fassara yake nema ba, yana so ya ga ko ɗalibi ya san wadda ta dace da gurbin da aka bari a jimla. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yana da wata gata a nan wadda takwaransa na Sakkwato ba shi da ita, domin yawancin manyan kalmomin Ingilishi daga Latin da Faransanci aka aro su, kamar yadda Hausa ta aro hukunci da hujja da daraja da al'ada daga Larabci. Wanda ya san éphémère ba zai tsaya a kan ephemeral ba, wanda ya san améliorer ya riga ya san ameliorate. Inda ƙafarsa ke zamewa shi ne gajerun kalmomi na asalin gida, irin su wane da shrewd, da kuma masu kama da sani, irin su eventually wadda ba ta nufin éventuellement. Waɗannan ba sa zama a ƙwaƙwalwa sai an gan su cikin jimla sau da yawa, tare da danginsu. Bature mai koyon Hausa haka ya sha: kalmomin Larabci sun zo masa da sauƙi in ya taɓa Arabiyya, amma amsa-kama irin su fes da tsaf da wuluk da ƙirin sai da zama da mutane.

Abu na biyu da ya ɗaukaka ƙamusun shi ne sauti. F. W. Taylor ya riga ya yi magana kan karin sautin Hausa a nahawunsa na 1923, amma Bargery ne ya fara bin kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya yana nuna karinsu da tsawon wasulansu. Da haka baƙo ya samu hanyar raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, da gari na mutane da gari na tuwo. Ya kuma raba ra-gare da ra-kaɗe, bambancin da rubutun yau da kullum bai damu da shi ba har yanzu. Haruffa masu ƙugiya ba su shigo ba tukuna a lokacin, don haka da ɗan waƙafi a gefen harafi ya nuna ɓ da ɗ da ƙ, abin da kan rikita sabon mai dubawa kafin ya saba.

A kan wannan batu na karin sauti ne ɗaci ya shiga tsakaninsa da mataimakinsa Bature, R. C. Abraham, wanda aka haifa a Ostiraliya a 1890. Abraham jami'in mulki ne mai kunnen da ba a cika samun irinsa ba, an ba da shi aro ga aikin ƙamusun na wani lokaci, kuma daga baya ya riƙa ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba a kan tsarin karin sautin. A 1949 ya fitar da nasa ƙamusun. Tun daga nan ɗaliban Hausa suka kasu, kowa da gwaninsa. Adalci shi ne a ce na Abraham ya fi kaifi wajen nahawu da misalan jimla, ya kuma ɗora karin sauti a kan kalmar shiga kanta, na Bargery kuwa ya fi yalwa, ya fi sanin ƙauye da sana'a da tsofaffin kalmomi. Dukansu biyu sun yi tuntuɓe a tsawon wasalin ƙarshen kalma, kamar yadda Claude Gouffé, wanda ya yi bincikensa a kan Hausar Nijar, ya nuna a 1965. Mai nazarin tsarin sauti da ya kwafi wasalin ƙarshe daga Bargery bai tantance da kunnensa ba, ya ɗauko wa kansa rigima.

Ga mutumin Ƙonni, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina matsayin Hausarsa a wannan littafi. Kano ce ma'auni, wannan ba shakka. Amma Bargery bai yi wa sauran kare-karen harshe kallon kuskure ba. Yakan kawo kalma ya sa mata alamar Sakkwato ko Katsina ko Gobir ko Zazzau ko Haɗeja, ya nuna takwararta ta Kano. Wanda ya tashi yana cewa zamna da sabka da amre zai tarar da irin waɗannan siffofi a ciki, kuma ɗalibin da ya karanta dokar Klingenheben ya san cewa su ne na asali, Kano ce ta narkar da baƙin ƙarshen gaɓa ya koma wasali har aka samu zauna da sauka da aure. Ta wannan fuska ƙamusun ya zama ma'ajiyar tarihi, domin masu kwatanta harsunan Cadi sun daɗe suna haƙo tsofaffin siffofi daga cikinsa.

Duk da haka littafin gwamnatin Najeriya ne, kuma iyakar da aka shata ta bar alamarta a kansa. Hausar Adar da Arewa da Kurfai ba ta samu rabon da ta cancanta ba. A wancan ɓangare na iyaka Faransawa sun yi nasu ƙoƙarin tun da wuri: Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyakar tsakanin 1906 da 1909, ya tattara tarihin Ƙonni da Adar da Gobir, ya kuma buga nahawu da ƙamusun Hausa tare da Tilho. Amma ƙaramin aiki ne in an gwada shi da na Bargery, kuma manufar Faransa ta koyar da kowa da Faransanci ba ta bar wata gwamnati ta ɗauki mutum ta ba shi shekara goma sha uku don harshen talakawa ba. Sai a 1987 Abdu Mijinguini ya fitar da ƙaramin ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci, sai kuma 1991 da Bernard Caron ya buga nazarinsa kan Hausar Adar, da jerin kalmomi a ƙarshensa. Tsakanin Dogarawa da Galmi da Badagishiri akwai kalmomin noman albasa da na kiwo da na bori da na sarauta waɗanda ke jiran mai littafin rubutu da haƙuri.

Akwai kuma maganar suna. A bangon littafin sunan Bargery ne da na Westermann. Malaman da suka zauna shekara da shekaru suna warware ma'ana, suna gyara misali, suna cewa wannan ba a faɗarta haka, ba su hau bango ba. Al'adar zamanin ke nan, kuma ba Bargery ya ƙirƙiro ta ba, amma hakan bai mai da ita daidai ba. Babu Baturen da zai san bambancin kalmomi 300 masu nufin girma da kansa, kome daɗewarsa a ƙasa. Abin da za a yaba masa shi ne ya san wanda zai tambaya, ya jure tambayar, ya kuma rubuta amsar ba tare da ya rage mata kaifi don ta dace da Ingilishi ba. Sau da yawa, inda kalma ba ta da takwara, yakan bar fassara ya yi bayani mai tsawo, abin da mai gaggawa ke gani kamar surutu, mai nazari kuwa ya san nan ne amfanin yake.

Bayan fitowar ƙamusun ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas ta Jami'ar Landan, wadda a 1938 aka ƙara wa suna ta zama SOAS. Ɗalibansa galibi matasa ne masu shirin tafiya aikin mulki, wato masu jarrabawar nan da aka ambata. A 1937 jami'ar ta ba shi digirin dokta na adabi saboda ƙamusun. Ya yi ritaya a 1947, ragamar Hausa a SOAS ta koma hannun F. W. Parsons, wanda daga baya ya fito da tsarin azuzuwan aikatau bakwai da kowane ɗalibin nahawun Hausa ke fama da su a yau. Parsons ya gina tsarinsa ne a kan karin sauti da wasalin ƙarshen aikatau, wato a kan harsashin da ƙamusoshin nan biyu suka kafa.

Matarsa ta biyu ta rasu a 1952. Shekara mai zuwa, yana dab da 77, ya sake komawa Kano don jagorantar sabunta fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista, wadda aka fara bugawa cikakkiya da Hausa a 1932. Ganinsa ya riga ya raunana ƙwarai, aikin ya koma na kunne, kamar yadda ya fara shekara hamsin da suka gabata. Ya zauna har 1957, ya koma Ingila, aka ba shi lambar girma ta OBE. Ya mutu ran 2 ga Agusta 1966 a gidan ɗansa a garin Tring, saura wata biyu ya cika shekara 90. Takardunsa suna ajiye a laburaren SOAS.

Ƙamusun ya daɗe yana wuyar samu, har sai da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a Zariya a 1993, da ƙarin sababbin kalmomi da Neil Skinner ya haɗa. Bayan nan aka ɗora shi a intanet, ta yadda ɗalibi a Malbaza zai iya neman kalma a wayarsa ta hannu, daga Hausa ko daga Ingilishi. Skinner ɗin nan ne kuma ya zauna da Alhaji Mahmudu Ƙoƙi ya ɗauki tarihin rayuwarsa, har da labarin shekarun ƙamus. Malamin ya rasu a 1976, littafin ya fito a Zariya a 1977, da sunansa a bango.